Ɗan Ƙodagon Kwamfuta Da Ubangidan Da Bai Taɓa Gani Ba



Jama'a masu karatu, akwai wata sana'a da ta shigo birnin Zazzau wadda iyaye da yawa ba su gane kanta ba. Daga Ƙofar Kibo har Ƙofar Doka za ka tarar da gidan da saurayi ke wuni a ɗaki gaban kwamfuta, ba shi da rumfa a kasuwa, ba shi da tebur a ofis, amma in wata ya yi sai kuɗi su zo masa daga Ikko ko Amurka. Aikinsa rubuta manhaja, watau umarnin da na'urar ke bi. Ita na'urar ba baƙuwa ba ce a nan, gama cibiyar kwamfuta ta Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, mai ɗauke da sunan Farfesa Iya Abubakar, ta daɗe tana horar da mutane. Sabon abu shi ne ubangidan da ba a taɓa musafaha da shi ba.

Shari'a kuwa ba ta rasa sunan wannan ciniki ba. Ijara ce, irin wadda ɗalibai ke karantawa cikin Risala ta Ibn Abi Zaid a zaurukan Juma da Kona. Sharaɗinta a san lada, a san aiki ko wa'adinsa. Ko a ƙissar Annabi Musa (A.S.) cikin Suratul Ƙasasi, sai da aka yanka shekara 8, aka bar masa zaɓin cika 10, kafin ya kama kiwo.

To, a nan ne ɗabi'ar waɗannan kamfanoni ke son a duba ta da idon basira. Suna da daɗin zama. Ba "ranka ya daɗe", ba tsugunno, yaro yakan kira shugaba da sunansa ya kuma gyara masa kuskure a gaban jama'a, abin da akawun gwamnati ba ya ko mafarkinsa. Wannan abin yabo ne. Amma sukan ce wa ma'aikaci su 'yan gida ɗaya ne, shi kuwa ɗan gida ba a ƙidaya masa awa. Sai ka ga yaro na aiki har tsakar dare bisa sunan zumunci. Waɗansu kuma sukan rage albashi su cika da alkawarin hannun jari, wanda ba wanda ya san ko zai zama dukiya ko takarda kawai. Ladan da ba a san adadinsa ba, malamanmu na Malikiyya ba su sakin jiki da shi, saboda haka kada yaro ya sa hannu sai tsabar albashin ita kaɗai ta ishe shi.

Zumuncin nan yana da iyaka. Kamfanin Andela, wanda aka kafa a Ikko a 2014 don horar da samarin Afirka rubutun manhaja, ya sami jarin dala miliyan 24 a 2016 bisa jagorancin gidauniyar mai Facebook da matarsa. A watan Satumba 2019 ya sanar da rabuwa da ƙananan ma'aikata wajen 400 a Nijeriya da Uganda da Kenya, domin masu ba shi kwangila ƙwararru suke nema. Ciniki ne ya juya, kuma haka ciniki yake. Don haka uba ya tambayi ɗansa tun ran farko, in an sallame ka, me takarda ta ce za a ba ka, kuma bayan kwana nawa?

Sai maganar salla. Kalifoniya tana bayanmu da awa 8 ko 9, gwargwadon lokacin shekara, don haka taron hantsinsu yakan faɗo daidai Magaribarmu. Gwamnatin Jihar Kaduna ta mai da aikin ofis kwana 4 a mako a Disamba 2021, ma'aikacinta ya sami Jumma'arsa, amma Ba'amurke bai san da wannan ba. Ba kuwa zai sani ba sai an gaya masa. Mai hankali yakan sa lokutan salla cikin jinga tun farko, maimakon ya riƙa sulalewa kamar ɓarawo.

Shi ma ma'aikaci akwai nauyi a kansa, kuma ya fi na ɗan ofis, domin ba mai leƙa shi. Wanda aka ɗauka aikin wata, lokacinsa ya zama na ubangida. In ya karɓi albashin kamfani biyu a awa ɗaya ba da saninsu ba, ya sayar da buhu ɗaya ga mutum biyu ke nan. Maɗinkin babbar riga yana iya karɓar ɗinkin mutum goma, gama jingarsa a kan riga take, ba a kan wuni ba. Haka kuma sunayen mutane da lambobin ajiyarsu da ke wucewa ta hannunsa amana ce, ko da ya bar aikin cikin fushi.

Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu duba zakkar albashin da ake biya da dala.