Kifi a gonar shinkafa: me zai hana dabarar isa Dirin Daji?

A kudu maso yammacin Bangaladash, manomi kan kewaye fadamarsa da ganuwar ƙasa, ya haƙa rami a gefe, ya sami shinkafa da kifi da jatan lande a fili guda. Kebbi ba ta da gaɓar teku, amma ta gwada rabin dabarar. Hukumar FAO da Jami'ar Ibadan sun koya wa manoman Kebbi da Ebonyi zuba tarwada da karfasa cikin shinkafa, da kuɗin USAID, wadda gwamnatin Trump ta rushe a 2025.

Lissafin bai da aibu. Kifi na cinye ƙwari da ciyawa, kashinsa kuma taki ne, a zamanin da buhun taki ya gagari talaka. Sharaɗin dai shi ne a rage feshin magani, ruwa kuma ya kwanta watanni.

A nan Dirin Daji, hedikwatar Sakaba, ta bambanta da Argungu. Ƙasar Zuru tudu ce, ba ta da shimfiɗaɗɗiyar fadamar gulbin Rima. Kifi kuwa sai da dubawa safe da yamma, abin da ya fi ƙarfin manomin da 'yan bindiga suka raba da gonarsa ta daji. Idan gwamnatin Nasir Idris za ta kawo shirin nan, fadamun bakin gari ne mafari.