ZAUREN IYAYE: Kafin Mu Yanke Wa Firamaren Garinmu Hukunci

 

Watanni biyu da suka wuce, bayan an tashi sujada, wani dattijo daga wajen Kibiya ya tare mu a gindin darbejiya. 'Ya'yansa uku ne suka isa shiga makaranta. Ya ce, "Malam, na lasafta dawata da gyaɗata, ba za su biya wa su ukun makarantar kuɗi ba. Ga ta gwamnati kusa da gida, kyauta ce, amma ana cewa wasa kawai yara ke yi a can. Ina tunanin in biya wa mazan biyu, ita macen ta zauna ta taya uwarta aiki." Muka ce, "Baba, ka taɓa shiga makarantar da ƙafarka?" Ya yi shiru. Sa'an nan ya ce shekara ashirin yana wucewa ta bakinta zuwa gona, bai taɓa leƙawa ba.

Mu da muke koyarwa a makarantar ikkilisiya, abu mai sauƙi ne mu ce, "Kawo mana su." Amma gaskiya ta fi. A ƙasar Rano da Kibiya, daga Rurum har Tarai, yawancin gidaje ba su da makarantar da ƙaramin yaro zai kai da ƙafa sai ta gwamnati. In muka tofar da ita ba tare da mun duba ba, yaran da za su rasa karatu namu ne, kuma 'yan mata ne farkon rasawa.

Waɗannan makarantu ba daga sama suka faɗo ba. A 1976 gwamnatin Janar Obasanjo ta buɗe shirin UPE, watau firamare kyauta ga kowane yaro, aka yi ta gina azuzuwa a ƙauyuka, aka horar da malamai cikin gaggawa. A 1999 aka ƙaddamar da shirin UBE a Sakkwato, dokar 2004 kuma ta ce shekara tara na farko kyauta ne, tilas ne. A 2019 Gwamna Ganduje ya yi shelar ilimi kyauta kuma dole a Jihar Kano. A 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa dokar ta-ɓaci a kan ilimi, ya kuma faɗa da bakinsa cewa yara masu yawa a ƙasa suke zama, malamai kuma ba su isa ba. Ashe hukuma da kanta ba ta ɓoye ciwon ba.

Duk da haka, makarantu biyu suna iya zama ƙarƙashin ofishin ilimi ɗaya na ƙaramar hukuma, a ɗaya yara suna karatu, a ɗaya ba sa yi. Saboda haka kada mu tsaya gardamar ko makarantun gwamnati suna da kyau. Abin da za mu bincika shi ne wannan guda ɗaya da ke bayan gidanmu. Ba wanda zai sayi san noma bai duba haƙoransa ba. Ba a cinikin biri a sama.

To, yaya za mu duba? Mu je sau uku, ba tare da mun aika za mu zo ba: ran Litinin da safe, ran kasuwa, da wata rana bayan an dawo daga tara. Mu fara gaida hedimasta da ladabi, mu ce yaro muke so mu kawo, muna roƙon izinin zagayawa. Hedimasta nagari ba ya ƙin wannan. Sa'an nan mu lura da abubuwa huɗu.

Na fari, malamai nawa ne suke tsaye gaban allo da alli a hannu? Waɗanda aka rubuta a takardar ofis daban, waɗanda ke cikin aji daban.

Na biyu, yara nawa ne a aji ɗaya da aji biyu? Manufar ilimi ta ƙasa, bugun 2004, ta ce malami ɗaya ga yara 35. In muka tarar da ninkin haka, mu san cewa yaron da ke zaune a baya sai mun taimaka masa a gida.

Na uku, mu roƙi yaro ɗaya ko biyu su nuna mana littafin rubutunsu. Akwai kwanan wata na wannan mako? Akwai jan biro na malami? Littafin yaro ba ya yi wa malami ƙarya.

Na huɗu, ina ruwan sha, ina kuma makewayi? In babu makewayin 'yan mata, yarinyar da ta fara girma za ta soma fashi, uwarta ta san dalili ko da ubanta bai sani ba.

Amma babban awo ba a makaranta ake yinsa ba, a zaure ake yi. Mu kira ɗan maƙwabci wanda ya kai aji uku ko huɗu a makarantar. Mu rubuta masa baƙaƙe biyar a takarda, ya faɗi sunansu. In ya iya, mu rubuta kalmomi biyar, kamar akuya, rijiya, tumatir. In ya iya, sai jimla huɗu gajeru waɗanda bai taɓa gani ba, mu tambaye shi abin da suka ce. Mu kuma ba shi lissafi guda: a ɗebe 28 daga 53. Wanda bai iya karatu ba, ya sa wani mai karatu a gidan ya yi masa. Kada mu sa yaron ya rera abin da ya haddace, gama aji yakan amsa da murya ɗaya, alhali rabinsu ba su san harafin da ke kan allo ba. Mu gwada yara uku ko huɗu, kada mu tsaya kan ɗaya.

Wannan awo ba mu muka ƙago shi ba. A Indiya wata ƙungiya mai suna Pratham ta soma bin gida gida da irinsa a 2005, ta kuma nuna cewa zuwa makaranta daban, iya karatu daban. A 2022 Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa a ƙasashen Afirka kudu da Sahara, kusan yara 9 cikin 10 masu shekara goma ba sa iya karanta ɗan gajeren labari su gane shi. A nan Kano ma, daga 2019 an gwada a Wudil da Dawakin Tofa raba yara bisa ga abin da suka iya, maimakon bisa ga ajinsu, ana koya musu karatun Hausa da lissafi tun daga tushe.

Mu kuma yi adalci. Awon nan a yi wa makarantar kuɗi shi, har da tamu ta ikkilisiya. Fenti da yunifom mai guga ba su ne karatu ba. In ɗanmu bai iya karanta jimla huɗu ba bayan shekara uku, kuɗin da muka biya bai sayi kome ba.

Akwai abu ɗaya da ke damun gidajenmu wanda ba mu cika faɗa a fili ba, watau darasin addini. Mu tambayi hedimasta kai tsaye, cikin girmamawa: a wannan lokaci ina ɗanmu zai zauna, me zai yi? Tsarin mulkin ƙasa na 1999, sashe na 38, ya ce ba za a tilasta wa ɗan makaranta koyon addinin da ba nasa ba, ko wanda iyayensa ba su yarda da shi ba. In babu malamin darasin Kirista, iyaye su haɗu su nemi a ba yaran wuri, ikkilisiya ta ba da mai koyarwa. Magana mai laushi tun ranar farko ta fi ƙara daga baya.

In mun sa yaro, kada mu juya baya. An tsara kowace makaranta ta sami kwamitin gari mai kula da ita, wanda ake kira SBMC, da iyaye mata a ciki. Mu halarci taro, mu zauna tare da maƙwabtanmu Musulmi, gama kwanon da iska ta yaye a kan 'ya'yanmu duka yake yoyo. Mu kuma duba namu laifin. Mu ne muke cire yaro ran kasuwa, mu ne muke tura shi tsinkar tumatir a gonakin rani da ke shan ruwan Tiga, sa'an nan mu ce malami bai koyar ba.

Dattijon nan ya sake tarar da mu a makon jiya. Ya je sau uku kamar yadda muka ce. Ya tarar da malamai huɗu ga azuzuwa shida, aji biyar kuma babu rufi. Amma ya tarar da wata malama a aji biyu wadda ba ta fashi, cikin yara huɗu da ya sa aka gwada kuma, uku sun karanta jimlolin. Ya sa 'ya'yansa duka uku, har da macen. Kuɗin da ya yi niyyar biya ya sayi fitila mai aiki da hasken rana da littattafan rubutu, ya ajiye saura. Ya ce rufin aji biyar har yanzu yana nan yadda yake, amma ya ba da sunansa a kwamiti, zai kai maganar.

Ba mu ce kowa zai tarar da abin da ya tarar ba. Wani zai je ya ga babu abin dogara, dole ya nemi wata hanya. Amma ya je tukuna, gama gani ya kori ji.

Allah ya ba mu hikimar renon 'ya'yan da ya danƙa mana. Sai wata mai zuwa.