Sumayya ta wa ce?

Zuwa ga Edita,

 Mai wannan wasiƙa yana son mujallarku ta dubi wata gardama da ta daɗe a nan Gaya, jihar Dosso.

Tun da shirin Labarina na Aminu Saira ya fara fitowa a Arewa24 a 2020, masu kallo suka rabu a kan wanda zai auri Sumayya, wadda Nafisa Abdullahi ta fito a matsayinta. Wasu na bayan Mahmud, wato Nuhu Abdullahi. Wasu sun rantse sai Presido, 'yan Lukman kuma ba su yarda a bar su baya ba. A tashar mota da majalisar shayi, har da masu zirga-zirgar Malanville da Kamba, an sha musu kamar 'yar gidansu za a aurar. Da Fati Washa ta karɓi matsayin Sumayya, sai sabon musu ya tashi: wace ta fi dacewa?

Turawa ma ba su tsira ba. Shirin The X-Files na Amurka, mai labarin halittun wasu duniyoyi, ya fara a 1993, kuma masoyansa sun yi shekaru suna matsa a haɗa jaruman shirin, Mulder da Scully.

Ya kamata ku tambayi marubutan Kannywood ko irin wannan matsin na masu kallo yana sauya musu alƙalami.

Mai karatunku,
Gaya