Dashen Ɓargo: Ba Wanda Zai Yi Mana Rajista Sai Mu

A shekarar 2011 likitocin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin suka yi dashen ɓargo na farko a Nijeriya, ga wani yaro mai ciwon sikila. A 2024 kuma Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas ya bi sahu. Wannan abin godiya ne. Amma likita kome gwanintarsa ba ya ƙera ɓargo, sai an sami mai bayarwa. To, a nan gizo yake saƙa.

Ɓargo shi ne masana'antar jini a jikin mutum. Mai sankarar jini, ɓargonsa ne ya lalace, yana ta haifar da ƙwayoyin jini marasa amfani. Idan magani ya kāsa, sai a kashe ɓargon mai ciwon, a dasa masa na mai lafiya. Sai dai ba na kowa jiki yake karɓa ba. Akwai waɗansu alamu na gado a jikin ƙwayoyinmu, likitoci suna kiransu HLA, tilas su dace. Ko 'yan'uwa uwa ɗaya uba ɗaya, damar dacewarsu ɗaya ce cikin huɗu. Saboda haka wajen kashi 70 cikin 100 na marasa lafiya ba sa samun mai ba su a gida, sai a nemo a waje.

Rajistocin duniya suna da sunayen mutane fiye da miliyan 40, amma galibinsu Turawa ne da mutanen Asiya. Alamun nan kuwa zuriya suke bi, kuma ba nahiyar da ta kai Afirka yawan bambancinsu. Ku dubi majami'unmu ranar Lahadi: Berom, Bajju, Tangale, Bachama, Ngas, Bura, Hausawa, a benci ɗaya. Yaron Kaltungo da ya kamu da wannan ciwo, da wuya a sami nasa a Jamus. Mai yiwuwa yana zaune a ƙungiyar mawaƙa ta wata ikkilisiya a Gombe, amma ba wanda ya san da shi, gama sunansa ba ya cikin kowane littafi.

Abin da ya sami Seun Adebiyi ke nan, ɗan Nijeriya da ya yi karatun lauya a Amurka, wanda ciwon ya kama a 2009 ya sha wuyar neman mai dacewa da shi. Da ya warke, ya tsaya aka kafa rajistar masu ba da ɓargo ta Nijeriya a Inugu a 2012.

Mun san abin da yake hana mutanenmu: tsoro. Waɗansu suna cewa za a huda musu laka, waɗansu kuma maganar jini kawai tana tuna musu da matsafa. Rajista dai auduga ce ake gogawa a cikin kumatu, ko a ɗebi ɗan jini. Yawancin masu rajista ba a taɓa kiransu. Wanda aka kira, sau da yawa allura ake yi masa kwana huɗu ko biyar, sa'an nan na'ura ta tace ƙwayoyin daga jinin hannunsa cikin 'yan sa'o'i. In ta kama a ɗeba daga ƙashi, daga ƙugu ake ɗeba bayan an sa mutum barci, ba a taɓa laka. Cikin makonni kaɗan jiki ya mayar da abin da aka ɗauka.

Gargaɗi ɗaya muke da shi. Kada kowa ya rubuta suna don ganin ido. Idan an riga an kashe ɓargon mara lafiya sa'an nan mai bayarwa ya janye, ran mutumin yana cikin hatsari ƙwarai. Mai bayarwa kuma ba ya zaɓen mai karɓa. Kirista ne ko Musulmi, ba a tambaya.

Ikkilisiyoyi da yawa sun riga sun sa gwajin jini kafin ɗaurin aure, har ya zama al'ada. Muna roƙon fastoci da dattawa, da shugabannin Zumuntar Mata da na matasa, su gayyato likitocin jini na asibitocin koyarwa na Jos da Zariya su yi wa masu shekara 18 zuwa sama bayanin yadda ake shiga rajistar. Asabar ta uku ta watan Satumba ita ce ranar masu ba da ɓargo ta duniya, ana iya fara shiri tun yanzu.