Ganye Ɗaya, Ɗanɗano Biyu

A nan Unguwar Boro shayi iri biyu muka sani. Akwai na mai shayi a bakin titi, wanda ya sha madara da sukari, akwai kuma ataya, koren ganyen ƙasar Sin wanda Buzaye masu gadi suke dafawa a 'yar buta bisa gawayi. Itacen kuwa ɗaya ne, irin wanda ake nomawa a Kakara, can kan tsaunin Mambila. Bambancin a wurin gyara yake.

Ku tuna da goro. In an fasa shi aka ajiye, sai iska ta rina shi. Haka ganyen shayi yake. In an bar shi ya rine sarai, shi ne baƙin shayi. In an ɗora shi a wuta tun da ɗanyensa, ya zama kore. Mutanen lardin Fujiyan sukan tsai da aikin a tsakiya, su sami abin da suke kira ulong.

Shi ma kashi biyu ne. A Anshi akan bar ganyen kusan kore, ruwansa garau, ƙanshinsa kamar na fure. A duwatsun Wuyi kuwa sai a gasa shi bisa garwashin da aka rufe da toka, sa'o'i da dama, a bar shi ya huta, a sake gasawa. Watau kamar ɗanyar gyaɗa da soyayya.

Mu dai gasasshen muka zaɓa. Mai ƙanshin fure ɗan gata ne, sanyi yake so, gama zafi yakan kwashe ƙanshin nan da nan. To, ina firjin da za mu dogara gare shi, wutar lantarki tana zuwa ta ga dama? Gasasshe kuwa yakan daɗe a gwangwani mai murfi, ba abin da ya same shi.

Har wa yau, dukansu ba a sa musu madara ko sukari. Iyayenmu nawa likita ya hana su sukari, suka bar shayi ɗungum don ɗaci? Sau da yawa tafasa ganyen ne ke jawo ɗacin. Sinawa ba su tafasa shi. Ruwan zafi suke zubawa, kafin minti guda su tsiyaye, ganyen nan kuma ya yi sau biyar ko shida. Ku gwada wa Baba haka da ganyen da ke gida, ko da na ataya ne.