Aikin informatik na ƙaruwa, amma ƙofar shiga tana Yamai



Dukkanmu mun ga canjin da idonmu. A da, in za ka aika kuɗi gida sai ka nemi direba a tasha. Yau ga Nita, Amana da Al Izza a unguwanni, ga Airtel, Moov, Zamani da Niger Telecoms suna gasar reso. Duk wannan ba ya tafiya sai da mutane a bayanshi: mai jan wayar intanet, mai gyaran ordinater, mai rubuta manhaja, mai tsaron bayanan jama'a. Ke nan aiki na ƙaruwa.

To amma wa ke samun shi? Kowace shekara matasanmu na fitowa da diplom daga jami'o'in Maraɗi, Damagaram da Tawa. In sanarwar ɗaukar ma'aikata ta fito, galibi sharuɗɗa biyu ne ke kada su: sai wanda ya taɓa aiki shekara 2 ko 3, kuma a zo Yamai da dosiye. Daga Maraɗi sama da kilomita 600 ne, daga Damagaram kusan 900. Yaron da uwarshi ta saida tumakinta ya gama karatu, ina zai samu kuɗin bis da na masauki? In ya samu sitaj ma, sau da yawa ko kuɗin kabu-kabu babu. Ai sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Abin mamaki, wannan shi ne aikin da nisa bai kamata ya hana ba. Kamfanin da ke saida mana intanet ba zai kasa tattaunawa da mai neman aiki ta bidiyo ba. A aza mashi ordinater a reshen garinsu, a ce ga matsala, warware. Mai iyawa ya bayyana, ko ɗan wa ne.

Alhazanmu ƴan kasuwa, masu kilinik da masu lakkwal, ku ma da naku. Kafin ku kira wani daga nesa ya tsara maku lissafin magaza, ku gwada ɗan unguwa. A hannunku zai samu shekarun nan biyu da ake tambayarshi.

Ku kuma matasa, takarda kaɗai ba ta isa. Ku riƙe wani aiki da kuka yi da hannunku, wanda za ku buɗe ku nuna.

In muka yi sake, mu za mu biya kuɗin karatun, Kano, Abijan da Dakar su ci moriyar.

Allah ya ba matasanmu abin yi. A garinku yaya abin yake?