Harin Pearl Harbor: Murnar Awa Biyu, Kukan Shekara Huɗu

A duk lokacin da aka tayar da zancen harin da Japan ta kai wa Amurka a sansanin sojan ruwa na Pearl Harbor, sai ka ga samari sun gyara zama, fuska ta washe. Wai ga ƙaramar ƙasa ta shammaci babbar azzaluma tana barci, ta yi mata dukan kawo-wuƙa. To ɗan'uwa mai karatu, a yi haƙuri a ji labarin har ƙarshensa, domin wanda ya tsaya a kan safiyar ranar kaɗai, ya tashi ne ana tsakiyar karatu.

Ranar Lahadi 7 ga Disamba, 1941, da misalin ƙarfe takwas saura na safe, jiragen saman yaƙin Japan suka afka wa sansanin da ke tsibirin Oahu a Hawayi. Jirage 353 ne, suka zo kashi biyu, sun taso daga kan manyan jiragen ruwa shida masu dakon jiragen sama, waɗanda suka baro arewacin Japan a asirce tun 26 ga Nuwamba. Cikin abin da bai kai awa biyu ba aka kashe Amurkawa 2,403, aka lalata jiragen sama 188, aka nutsar ko aka illata manyan jiragen ruwan yaƙi takwas. A jirgin Arizona kaɗai mutum 1,177 suka halaka. Ita kuwa Japan jirage 29 kacal ta rasa. A idon mai kallo, wannan nasara ce wadda ba ta da kishiya.

Amma me ya kai Japan Hawayi? Masu mulkinta sun ce wai sun tashi ne su 'yanta mutanen Asiya daga hannun Turawa. Wannan magana ƙarya ce tsagwaronta. Tun 1931 sojojin Japan suka mamaye Manchuriya, a 1937 suka shiga ƙasar Sin gadan-gadan, kuma kisan gilla da keta haddin mata da suka yi a birnin Nanjin a ƙarshen wannan shekara har yau Sinawa ba su manta ba. Koriya kuwa tana ƙarƙashin takalminsu tun 1910. Wanda ya yi wa maƙwabcinsa haka ba mai ceto ba ne, sabon ɗan mulkin mallaka ne da ya zo a makare ya tarar an raba ganima.

Ita ma Amurka da ta cika duniya da kukan an ci amanarta, a tambaye ta yadda aka yi Hawayi ta zama tata. A 1893 ne wasu attajiran Turawa, da goyon bayan sojojin Amurka, suka tumɓuke sarauniyar tsibiran, Liliyukalani, a 1898 kuma aka haɗiye ƙasar ɗungurungum. A wannan shekarar ce Amurka ta karɓe Filifin daga hannun Sifaniya. Ingila na riƙe da Malaya da Bama, Holan na tatsar Indunusiya, Faransa na zaune a kan Biyetnam da maƙwabtanta. Kura ce ke ce wa kare maye. Rigimar duka a kan dukiyar wasu ake yin ta, masu dukiyar kuwa ba wanda ya nemi shawararsu.

Abin da ya kunna wutar kai tsaye shi ne man fetur. Japan ba ta da mai a ƙasarta, kusan kashi 80 cikin 100 na wanda take sha daga Amurka yake zuwa. Da sojojinta suka kutsa kudancin Biyetnam a watan Yulin 1941, sai Shugaba Roosevelt ya riƙe kuɗaɗen Japan da ke Amurka, aka kuma toshe mata mai. Daga nan zaɓi biyu ya rage wa janar-janar ɗin Tokyo. Ko su janye daga ƙasar Sin kamar yadda Amurka ta nema, ko su je su ƙwace rijiyoyin man Indunusiya da ƙarfi, wanda hakan ba zai yiwu ba sai an karya jiragen Amurka da ke Hawayi. Janyewa na nufin su tsaya gaban mutanensu su ce shekara huɗu da dubban rayuka sun tafi a banza. Girman kai ya hana. Janar Tojo, wanda ya zama Firayim Minista a watan Oktoba, ya zaɓi yaƙi.

Abin mamaki a nan, mutumin da ya tsara harin, Admiral Yamamoto, ya fi kowa sanin cewa ramin da ake haƙawa ya yi zurfi. Ya yi karatu a Amurka, ya yi aiki a ofishin jakadancin ƙasarsa a Washintan, ya ga masana'antunsu da idonsa. Ya shaida wa shugabanninsa cewa zai iya cin karensa ba babbaka na wata shida ko shekara guda, amma bayan nan ba shi da tabbacin komai. Duk lissafinsu ya rataya ne a kan zato ɗaya, cewa Amurkawa 'yan jin daɗi ne, da sun sha duka ɗaya za su nemi sulhu. Haka aka ɗora rayukan miliyoyin mutane a kan zato.

Kuma ko a ranar ma aikin bai kammalu ba. Manyan jiragen Amurka masu dakon jiragen sama ba sa cikin tashar. Ba a taɓa rumbunan mai ba, ba a rusa wuraren gyaran jirage ba, ga ruwan tashar ba shi da zurfi, don haka aka tsamo jiragen da suka nutse aka gyara. Shida daga cikin takwas ɗin nan sun koma fagen fama. Takardar yanke tattaunawa da aka tura wa jakadun Japan a Washintan ma ba ta isa hannun Amurkawa ba sai bayan bama-bamai sun fara sauka, abin da ya ƙara tunzura jama'ar da a jiya take gardamar ko a shiga yaƙi ko kar a shiga. Washegari majalisa ta amince da yaƙi, mutum ɗaya tak ya ƙi, wata mata mai suna Jeannette Rankin. Ranar 11 ga Disamba Hitila ya shelanta yaƙi a kan Amurka, ya jawo wa kansa ruwan da ya cinye shi.

Wata shida cif, a watan Yunin 1942, aka gwabza a Midway, Japan ta rasa huɗu daga cikin jirage shidan da suka kai harin. Shi kansa Yamamoto an harbo jirginsa a watan Afrilun 1943.

To wa ya biya bashin? A nan ne ya kamata samari su buɗe kunne. A Amurka an kwashe mutum kusan 120,000 'yan asalin Japan, akasarinsu haifaffun ƙasar, aka tsare a sansanoni ba tare da an kai su gaban alƙali ba. A Indunusiya, mutanen da aka ce an zo 'yantarwa sun ga aikin tilas da yunwa irin wadda ba su taɓa gani ba. Da Japan ta kama Bama, sai Ingila ta kwaso samari daga Afirka ta Yamma, cikinsu da Hausawa masu yawa, aka zuba su a runduna ta 81 da ta 82, suka je suka yi ta fama a dazuzzukan Bama, a yaƙin da ba gonar ubansu aka taɓa ba. Kakannin wasu daga cikin masu karanta wannan shafi suna ciki, wasu can aka binne su. Daga ƙarshen 1944 kuma, da yaƙi ya juya, tsofaffin janar-janar suka riƙa ɗora yara 'yan shekara ashirin da ƙasa da haka, wasu daga aji aka ɗebo su, a kan jiragen da aka cika da bam, su je su faɗa kan jiragen Amurka. Dubbai suka tafi a haka, kuma ba su canza komai ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ramuwar Amurka kuwa ta wuce duk wani haddi, kuma babu mai adalcin da zai wanke ta. A dare ɗaya na watan Maris 1945 ta ƙone mutum kimanin 100,000 a Tokyo, yawancinsu talakawa a gidajen katako. Ranar 6 ga Agusta ta jefa makamin ƙare-dangi a Hiroshima, ranar 9 a Nagasaki. Matan da jariran da suka ƙone a can ba su ne suka kai hari Hawayi ba.

Japan ta sa hannu a takardar miƙa wuya ranar 2 ga Satumba, 1945, a kan jirgin yaƙin Amurka a gaɓar Tokyo. An rataye Tojo a 1948. Sarki Hirohito, wanda da sunansa aka tura yaran nan, ya ci gaba da zama a gadon sarautarsa har ya mutu a 1989. Ƙasar da ta tashi korar Amurka daga tekun Fasifik kuwa, har gobe dubban sojojin Amurka na zaune a cikinta, mafi yawansu a tsibirin Okinawa.